Ɗan Rakiyar Muryar Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a ƙauyenmu, can gefen Kuyello, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In Inna za ta yi zancensa sai ta ce "wancan" ko "yayanku", tana kallon wani wuri dabam. Ni kuwa auta ce. A cinyarta na girma, har yau in na ga dama sai in haye gadonta in cika ta da surutu har ta kore ni da mafici.

Da daji ya lalace, noma ya gagara, na ɗauko ta ta dawo wurina a Birnin Gwari, inda nake koyarwa a firamare. Babanmu ya riga ya rasu. Yaya kuma ya daɗe a Jidda yana tuƙin motar ruwa. Shi ne ya sa aka saya mana ɗan akwatin intanet na gida, wanda ake ce wa wayfai, aka ɗora shi a taga, aka haɗa shi da sola. Duk Juma'a yana kira ta bidiyo. Ni da shi mu yi ta hira, ya tsokane ni ya ce na yi ƙiba, in ce masa furfura ta gama da shi. In na miƙa wa Inna wayar sai ta riƙe ta nesa da fuskarta, ta ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, ta miƙo mini. Ba ta taɓa wuce haka ba.

Na ɗauka tsoro ne, don a shekarun nan kowa a garin ya koyi riƙe bakinsa. Ba mai faɗin ranar da zai hau hanyar Kaduna, sai dai ya ce wa 'yan uwansa sai sun gan shi. Ba mai cewa ya sayar da masara, ko an yi masa aike daga nesa. Ana ta cewa mutanen daji suna da kunnuwa a kasuwa da tasha, har da cikin waya. Wani lokaci ma sabis ɗin yakan ɗauke ɗungurungum, garin ya yi tsit, kowa ya koma sauraron kukan kurciya. Shi ya sa ban taɓa matsa mata ba.

Sai ciwon ƙoda ya kama Yaya. Ya ɓoye mana har fuskarsa ta fara kumbura, na gani da idona a waya. Wata Juma'a bai tsokane ni ba. Ya ce an sa ranar yi masa aiki, likitocin kuma ba su rufe masa komai ba, ana iya tashi, ana iya rashin tashi.

"Auta," ya ce, "ina so Inna ta yi mini magana kafin a shiga da ni. Gaisuwa na sha ji. Magana nake so."

Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. Na ce ya bar mini, sai ka ce abin a hannuna yake.

Da la'asar na samu Inna a gindin mangwaro tana tsinkar zogale. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Hannunta bai tsaya ba, sai dai na ga ta fara zuba ganyen a ƙasa tana ajiye sandunan a faifai. Can ta ce ita ba ta magana cikin taro. Na ce wane taro, daga ke sai shi? Ta ce wayar nan cike take da mutane. Matar nan da ke fitowa ta ce lambar da aka kira ba ta kusa, a ina take zaune in ba a ciki ba? Ga masu dogon ƙarfen sabis na bayan kasuwa, ga 'yan unguwa da ke jingine da katangarmu kullum suna shan wayfai ɗinmu. Zancen matar ya ba ni dariya har na riƙe ciki. Zancen katanga kuwa gaskiya ne, ni na raba lambar sirrin da bakina, don ban iya cewa a'a ba in an kira ni Malama da murya mai laushi.

Ranar Litinin na kai kukana wurin wata malama 'yar Gbagyi da muke koyarwa tare, ita ke kula da 'yan kwamfutocin makarantar. Ta ce manhajar da muke kira da ita ai tana kulle magana tun daga bakin mai faɗa har kunnen mai ji. Amma in Inna tana son a rufe har hanyar, akwai abin da ake ce wa VPN. Yana ɗaukar duk abin da ya fita daga wayarka ya bi da shi ta rufaffiyar hanya zuwa wani zango nasa, daga can ya wuce inda za shi. Masu sabis da masu leƙe a hanya sai dai su ga an wuce, ba su san ina aka nufa ba. Tana cikin cewa in kula da wanda zan zaɓa aka kaɗa ƙararrawa, ni kuma da ma rabin hankalina ya riga ya tafi gida.

Ina isa na sauke VPN na farko da na gani a wayata, na kyauta, mai hoton garkuwa. Ya nemi izinin ganin lambobin mutanena da hotunana, na ba shi, don sauri nake yi. Muka kira Yaya don gwaji. Fuskarsa ta fito ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, muryarsa kuma tana zuwa guntu-guntu kamar daga cikin rijiya. Kafin ya gama sallama talla ta rufe shi, wata mata tana sayar da man gashi. Na fusata na kashe.

Abin da ya rage mini daga wannan gwajin shi ne dusar ƙanƙara. Ashe zangon da ya kai mu a wata ƙasa yake can kudancin duniya, inda ake tsakiyar sanyi, sai shafin yanayi ya ɗauka can muke, ya nuna mana wani gari fari fat, ƙanƙara na sauka a hankali a kan rufin gidaje. A lokacin damina ta zauna sosai a wurinmu, ƙasa na ƙamshi, kwaɗi na ta kuka a bayan gida. Inna ta karɓi wayar, ta kawo ta kusa da fuskarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni ko yanzu muryarta in ta fita sai ta je can ta sha sanyi kafin ta isa wurin wancan. Na ce haka ne. Ta ce to an wahalar da ita, tsohuwar murya ce.

Sannan ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce, "Wannan mai rakiyar, ɗan gidan wa ne?"

Na ce mata ai manhaja ce, ba ta da gida. Ta ce ba abin da ba shi da gida. Ta ce in ya ɓoye ta daga mutanen hanya, shi fa, ai ya san inda za ta. Sai ta shiga ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana amarya, in mata za su ratsa daji zuwa Kutemeshi ganin gida, akwai wani tsohon makiyayi da ke yi musu rakiya. Lokacin dajin na namun daji ne kawai da inuwa, kaɗanya na zubar da 'ya'ya ba mai tsinta, ɗorawa ta yi ja, rafi na gudu a ƙarƙashin ganye ana jin sa ba a ganin sa. Tsohon yana gaba da sandarsa a kafaɗa, ba ya waiwaye, ba ya tambayar abin da ke cikin ƙwaryar kowa. In mata sun ɓarke da hirar mazajensu sai ya ƙara nisa. Amma kafin a yarda a ba shi mata, sai da dattawa suka san rugarsu, suka san ubansa, suka tambayi waɗanda ya taɓa rakawa. Kuma da kaka ana kai masa dawa, kowa ya san abin da yake ci. Ta dube ni ta ce wannan nawa da ke aiki kyauta, me yake ci?

Da na koma wa malamar da tambayar, ta ce da yawa daga na kyautan nan labarinka suke ci, su tara inda ka shiga da inda ka fita su sayar wa masu talla. Ta ce ba duka ba ne, amma wanda ya nemi hotunanka da lambobin mutanenka ba rakiya ta kawo shi ba. A gabanta na goge shi.

Daga nan muka shiga bincike ni da Inna, irin wanda ake yi wa mai neman aure. In na dawo daga makaranta sai mu zauna a gindin mangwaro, ina karantawa ina fassara mata, tana yanke hukunci. Wani ya cika shafinsa da kirari, shi ne mafi sauri a duniya, ba wanda ya isa ya gan ka. Inna ta ce a wuce, ba ta son mai yawan rantsuwa. Wani na yi ta nema ban ga masu shi ba, ba ƙasa, ba adireshi, ta ce wannan ko sallama kar a amsa masa. Wani ya faɗi ƙasarsu da dokar da suke ƙarƙashinta, amma can ƙasan bayaninsa, da ƙananan haruffa, ya ce yana ajiye tarihin inda mutum ya shiga na ɗan lokaci. Ta ce ɗan lokacin nan ya isa a kai gulma.

Ranar aikin Yaya kuwa tana ta matsowa. Yakan turo mini saƙo ya ce yaya ake ciki, in ce masa an kusa. Raina ya fara ɓaci. Wata rana na ce mata Inna mutum na kwance a asibiti, ke kina nan kina tantance surukai. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana ta gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara. Haushi ya ishe ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Na zauna ina kallon hadari yana taruwa ta wajen daji, ina tunanin muryoyin mutanen garin nan duka suna tashi sama da itatuwa, suna wucewa ta kan gonakin da aka bari, ta kan kufan ƙauyenmu, kowace da inda ta nufa, ta Inna kaɗai ta ƙi tashi.

A ƙarshe muka tsaya a kan wani. Ana biyan sa duk wata, ya faɗi masu shi da inda suke, ya ce ba ya ajiye tarihin kowa, kuma ya bar wasu masu bincike na waje sun shiga sun duba sun rubuta abin da suka gani, har da ƙananan kurakuran da suka samu. Wannan ya burge Inna, ta ce wanda ya bari aka leƙa rumbunsa da sauƙi. Abin da ya fi kwanta mata shi ne da na ce yana da wata dabara, in rufin hanyar ya yanke sai ya tsayar da komai nan take, ba abin da zai fita a buɗe. Ta ce haka ake yi, in zane ya zame sai a tsaya a gyara.

Na ga bai kamata in yaudare ta ba. Na ce mata duk da haka fa ji muka yi, ba gani ba, ba zan iya dafa Alƙur'ani a kansa ba. Ta ce tsohon makiyayin ma ba wanda ya shiga zuciyarsa, an bincika ne iya iyawa, aka bi shi.

Saura sauri. Malamar ta ce in daina tura murya ƙasar ƙanƙara, in zaɓi zango mafi kusa, ko na Legas, don duk nisan zango duk jinkirin magana. Na canja lambar sirrin wayfai, na sa doguwa wadda ni kaina sai na yi tunani nake tuno ta. Katangarmu ta yi fayau. Wata maƙwabciya ta daina amsa gaisuwata da kyau, na ce a raina ta ji da shi. Na ɗauke akwatin daga tagar kicin na mayar da shi tagar ɗakin Inna, wadda ke kallon ƙarfen sabis. Da na gwada kiran Yaya sai ga shi tar, har ina ganin igiyar ƙarin ruwa a hannunsa. Ya rame ƙwarai. Na ce masa gobe da hantsi ya zauna kusa da waya, jibi ne aikin.

An kwana ana ruwa, gari ya waye a wanke. Inna ta yi wanka, ta ɗauko zanen da take ajiya a ƙasan akwati, ta sa kwalli, ta turara jikinta, sai ka ce biki za ta. Na so in tsokane ta, bakina ya ƙi. Ta zauna a bakin gado ta ce, "An rufa?"

Na nuna mata ɗan hoton makulli da ke fitowa a saman waya in VPN ɗin yana aiki. Na ce muddin tana ganin wannan, hanya a rufe take. Ta sa yatsa ta taɓa shi a hankali. Na danna kiran, Yaya ya ɗauka, na sa mata wayar a hannu. Ta ce in ja mata ƙofa.

Na ja ƙofar, amma ban tafi ba. Na ɗauko tire na zauna a dokin ƙofa wai ina tsintar shinkafa. Ni auta ce, ba a taɓa yin zance a gidanmu ban ji ba. Da farko shiru, sai ɗigar ruwa daga indararo. Na ji Yaya ya ce, "Inna, ina kwana." Har na fara cizon leɓe, na ce shi ke nan, za ta ce Allah ya yi albarka ta kira ni in karɓa.

Sai na ji ta kira sunansa.

A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe da ajiyewa. Sunan da nake ji kullum a bakin kowa, amma a bakinta sai ya zama wani sabon abu, ƙarami, na jariri. Ta sake faɗa. Daga can Jidda na ji wani sauti ya fito daga ƙirjin Yaya, mutumin da furfura ta cika wa kai, ya amsa da "Na'am" irin ta yaro.

A nan na gane ba mutanen daji Inna take tsoro ba. Kunya ce, wadda aka ɗora mata tun tana yarinya da goyon fari, ta riƙe ta da kyau har ta tsufa, ba ta iya sauke ta in akwai ko mutum ɗaya a wurin. Mun kori matar cikin waya, mun kori masu ƙarfen sabis da 'yan katanga. Kunne ɗaya ya rage a hanyar, nawa. Na ajiye tiren a hankali, na ɗauki mayafina, na fita ƙofar gida.

Na daɗe a tsaye a waje. Wasu shanu suka wuce za su kiwo bayan gari, ƙafafunsu duk laka. Rana ta fito ta bugi ruwan da ya kwanta a hanya. Ina kuka ina murmushi, masu wucewa suna gaishe ni ina amsawa. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, har yau ban tambaya ba. Da na dawo na tarar wayar ta yi zafi, cajin ya kusa ƙarewa, Inna kuma ta canja zane tana tsintar shinkafar da na bari. Kwallinta ya ɗan zubo. Ta ce na bar tsakuwa da yawa, ko aikin me nake yi oho.

Yaya ya tashi daga aikin, har ya tsokane ni sau ɗaya, ya ce ƙibar tawa ta ƙaru. Muka sa rai. Kafin kaka ta shigo jikin ya sake rikicewa, Allah ya karɓi abinsa, a can aka binne shi.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Inna ta zauna a kan tabarma da carbi, ido a bushe, duk wanda ya ce ya haƙuri ta ce haƙuri sai ma'aiki. Tsofaffin ƙauyenmu da ke zaune a garin suka yi ta yaba mata, suna cewa haka uwar ɗan fari take, ba a ganin hawayenta. Ni na yi kukan mu biyu, har muryata ta dushe. In an ambaci sunansa a addu'a sai ta sunkuyar da kai.

Bayan an watse, gida ya koma namu, na yi niyyar dakatar da VPN ɗin, don ban ga wanda za mu kira ba. Ban kai ga yi ba. Wata la'asar, masara ta bushe a gonakin bakin gari, iska na kawo ƙamshinta, ina zaune ina duba aikin yara, sai Inna ta fito daga wanka. Ta sa zanen nan na ƙasan akwati. Ta tsaya a kaina ba ta kalle ni ba.

"Auta," ta ce, "rufa mini hanyar nan."

Na buɗe baki zan ce Inna wa za ki kira, sai na rufe. Na kunna, ɗan makullin ya fito a saman waya. Ta duba ta tabbatar, ta karɓa da hannu biyu, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa da kanta.

Na ɗauki mayafina na fita ƙofar gida.